Golan Sinyor Ɗanasabe a Hannun Baduku

Duk wanda ya zauna Talata Mafara a shekarun da ake ginin dam ɗin Bakolori bai san Sinyor Ɗanasabe ba, zaman banza ya yi. Allah ya wadata garin da malamai da attajirai da mahauta, amma mutum ɗaya tak ya ba shi wanda ya iya riƙe cokali mai yatsu. A Morai aka yanke cibiyarsa, sai dai ba ya son a riƙa tono wannan magana. Aikinsa a sansanin Turawan Italiya riƙon mabuɗin sito ne, inda ake tara shebur da buhunan siminti. A bakinsa kuwa, da shawararsa aka zaɓi inda za a tare kogin. A bayan idonsa sunansa Baturen Morai. A gabansa dole a ce Sinyor, don in ka ce Malam ba ya waiwayowa.

Turawan nan suna da wata ɗabi'a. Ana kawo musu ƙananan katuna masu hoton 'yan ƙwallon ƙasarsu, a liƙe cikin takarda, ba ka sanin wanda ke ciki sai ka yage. Manya masu gemu su zauna suna musaya kamar yara da 'ya'yan dara. Wani injiniya da leburori ke kira Mai Lofe ya fi kowa haukan abin. Duk katin da ya fito masa sau biyu sai ya jefa a kwandon shara, Sinyor kuma ya bi baya ya ceto shi. Da Mai Lofe ya lura, ya yi dariya, ya koma miƙa masa hannu da hannu. Tun daga ranar suka zama aminai, ko da yake ɗayan bai san da zancen ba.

A nan basirar Sinyor ta bayyana. Ya samo gwangwanin biskit, ya shimfiɗa masa auduga, ya zuba kafur. Ya naɗe gwangwanin da sabuwar atamfar matarsa Kubura, ya sa a akwatin katako, ƙafafun akwatin kuma ya tsoma su cikin gwangwanayen kananzir don gara. Hatsin gidan yana rumbu ɓeraye na biki, amma ba a taɓa jin ƙwaro ya kusanci ɗan ƙwallo ko ɗaya ba. Tunda sunayen ba su karantuwa gare shi, sai ya tsara su bisa ilimi: masu gashin baki gefe guda, masu sanƙo gefe guda, masu kama da Larabawa a tsakiya.

Wanda ya ci sa'a aka nuna masa sai ya wanke hannu da sabulu, sa'an nan a hana shi taɓawa. Mai cin goro daga bakin ƙofa yake kallo.

"Abin da ke damun mutanenmu," in ji Sinyor, yana ɗaga kati da gefen farce, "shi ne rashin sanin darajar takarda. A Roma, mutum da irin wannan akwati, ko sarki ya shigo ba ya tashi."

Wata rana kawunsa Abdu ya zo daga wajen Maradun. Ruwan dam zai cinye gonarsa, ya zo ko ɗan 'yar'uwarsa zai sa masa baki wajen Turawa. Sinyor ya saurare shi da natsuwa irin ta manya, sa'an nan ya buɗe akwati.

"Kawu, ku ƙasa kuka sani. Ƙasa kuwa ga shi kun gani, ruwa na cinye ta. Wannan fa? Wane ruwa zai kai nan?"

Tsoho ya dubi hotunan Turawa cikin gajerun wanduna, ya yi salati, ya nemi takalmansa.

Da aikin Mai Lofe ya ƙare zai koma gida, ya nuna wa Sinyor kundin da yake liƙa katunansa a ciki. Ko'ina ya cika sai gurbi ɗaya, na wani gola. Da hannu da guntun Turanci ya fahimtar da shi cewa in ya samu golan ya aiko masa ta gidan waya, zai sa sunansa a ƙungiyar masu tara katuna ta garinsu, a aiko masa da lambar maƙalawa a ƙirji. Sharaɗi ɗaya ne, ya maimaita shi har da ɗaga yatsa: katin ya iso a miƙe, ko kunnensa kada ya lanƙwashe. Kafin motar Bature ta kai Bakura, Sinyor ya riga ya je wajen tela a gyara wa kwat ɗinsa mazaunin lamba.

Mai nema yana tare da samu. Golan ya ɓullo a hannun kukun wani Bature. Kukun ya ga idon Sinyor ya gane kasuwa ta buɗe. Aka daidaita a kan ragon da Kubura ta yi wata da watanni tana ba dusa. Da ta buɗe baki, Sinyor ya yi mata bayani cikin haƙuri cewa rago kowa na da shi.

Saura aikawa. Sinyor ya san yadda ake jefa jakar wasiƙu a bayan mota, a ɗora mata buhun albasa, kwandasta ya zauna a kai. Ambulan ba zai iya ba. Ya yi tunani irin wanda ƙananan mutane ba su kai wa gare shi, ya gano cewa ba abin da ke tsare abu kamar fata. Ya naɗe golan cikin farar takarda, ya liƙe bakinta don kada idon jahili ya dusashe shi, ya nufi rumfar Sambo baduku ranar kasuwa.

Bayan doguwar gaisuwa, wadda Sambo ya yi kusan dukkanta shi kaɗai, Sinyor ya miƙa takardar da hannu biyu.

"Ka rufe mini wannan da fata, ta yadda ruwa ko zufa ko hannun mutum ba za su kai gare shi ba. Tafiya mai nisa zai yi, har ƙetaren teku."

"To, ranka shi daɗe. Mi ke ciki?"

"Ba huruminka ba ne. Kada ka buɗe, kada ka leƙa. Abin da ke ciki ya fi ƙarfin fahimtarka."

Sambo ya gyaɗa kai. Shekara da shekaru mutane na kawo masa farar takarda a liƙe, su ce kada ya buɗe, tafiya za a yi da ita. Bai ga abin tambaya ba.

Ranar aikawa Sinyor ya sa kwat, ya gayyato shaidu ƙofar gidan waya: abokan aiki, masu shayi, tela, har da wani maroƙi da ya ji labari ya gayyaci kansa. Ya sayi kan sarki, ya tsaya a kan dakali ya yi jawabi.

"Jama'a, yau Mafara za ta gaisa da Roma. Ba don kaina nake yi ba. In lambar ta zo, duk wanda ya nemi izini zai gani."

Ana cikin haka Sambo ya iso, ya durƙusa, ya zaro aikinsa daga aljihu. Jar fata ce mai sheƙi, ɗinki ƙanana kamar haƙoran ɓera, girmanta bai wuce ɗan yatsa biyu ba. Har igiyar ɗaurawa ya yi mata kyauta.

Sinyor ya dubi layar. Ya dubi Sambo. Ya sake duban layar, yana auna ta da girman golan a zuci, lissafi ya ƙi fita.

"Ina... ina sauran?"

"Duk shina ciki, ranka shi daɗe, ko ƙyalle ban rage ba," in ji Sambo. "Amma don Allah wane malami ya rubuta maka wagga? Ban taɓa gamuwa da takarda mai taurin kai irinta ba. Ta ƙi naɗuwa, aradu sai da na jiƙa ta, na ninka takwas, na bi da guduma. Basilla ma da ƙyar ta huda ta."

Maroƙi, da yake ba a biya shi don ya yi shiru ba, ya ɗaga murya: "Sinyor na Roma, ko Turawa sai da tsarinka!"

Babban mutum ba ya faɗuwa a gaban jama'a. Sinyor ya karɓi layar, ya naɗe hannun kwat, ya ɗaura ta a damtse, ya sanar cewa dama tasa ce, saƙon Roma kuwa an ɗaga shi saboda wasu dalilai na ofis. Wani mai shayi ya tambaye shi ko ta mece ce.

"Maganin bakin mutane," in ji Sinyor.

Ba ta ci ba.