Ƙafa Ɗaya a Goshin Jirgi

"Lafiya lau na kwana, tunda ban mutu na bar maka gado ba. Kai fa, ka farka, ko motar ce ta kawo kanta?"

"Ina kwana kawai na ce, Memaw."

"Na ji. Ƙarfe tara muka yi da kai, ga shi har da kwata. Kifi ma ya karya kumallo ya koma barci."

Hoyt ya rufe ƙofar motarsa ya ja dogon numfashi. Asabar ce, hutunsa guda a mako, ga shi zai ƙarar da ita a filin sayar da jiragen ruwa na Mista Cleve Haskew da ke bakin tafkin Guntersville, tare da Memaw Verlie, kakarsa ta wajen uwa. Shekarunta saba'in da shida, tsawonta bai kai masa kafaɗa ba, amma bakinta ya fi ƙarfin duk garin. Tsohon jirginta na kamun bass, kifin nan mai wagegen baki, ya ruɓe har yatsa na shiga katakonsa, ta sayar da itatuwan bayan gidanta ta ce sabo za ta saya. Jirage biyu suka rage a zaɓi, suna jere a kan tirelolin da ake jan su da mota. Ɗaya ja ne mai ƙyalƙyali, dandamalin goshinsa a sama, fayau babu abin dafawa. Ɗayan ruwan toka ne na alminiyom, mai zurfin ciki, da ƙarfen riƙewa ko'ina.

Duk mai wannan kamu ya san na goshi shi ne sarki. Shi ke tsaye da ƙafa ɗaya, ɗayar a kan fedar ƙaramin injin da ke lallaɓa jirgi, shi ke zaɓar wuri, shi ke fara jefa ƙugiya. Na baya sai ragowa. Shekara arba'in da ɗaya Memaw na tsaye a goshi, sai a watan Oktoba ƙafar ta ci amanarta ta faɗa ruwa, Hoyt ya cafko ta ta wuyan riga, leɓunanta sun yi shuɗi don sanyi. Tun ranar mahaifiyarsa Nadine ta yanke hukunci: tsohuwa ta sake faɗuwa sau ɗaya, za ta kwashe ta zuwa gidanta a birnin Huntsville, ita da tafki sai a hoto. Hoyt kuwa ya san ranar da aka raba Memaw da tafkin nan, an gama da ita. Shi ya sa ya zo da niyyar ko ana ha-maza-ha-mata mai ruwan tokan za a saya.

"Ga naki can," in ji shi, yana nuna mai ruwan tokan.

"Wanne? Wancan bahon wankan? Ai na ɗauka abin ba shanu ruwa ne aka manta a nan."

"Jirgi ne mai hankali."

"To ka aure shi, tunda 'yan matan garin nan sun ƙi ka. Ni ga nawa." Ta shafa gefen jan kamar mai shafa doki. "Dubi yadda yake walƙiya. In na shigo bakin gaɓa a cikin wannan, abokiyar gasata Earline Tidwell sai ta haɗiye haƙoran robarta."

"Kyan ɗan maciji ne da shi, Memaw. Gudunsa mil saba'in a awa. Ina za ki da mil saba'in? Coci ma a mil ashirin kike zuwa, motoci goma na bin ki a baya kamar jana'iza."

"Girmama ni suke yi."

"Zagin ki suke yi, gilashi ne a rufe."

"Ja'iri mai kunnuwa kamar ƙofofin mota. Ni na koya maka ɗaura ƙugiya lokacin kana tsoron tana, kana kuka majina har haɓa. Yau kai ne za ka zaɓa mini jirgi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Babban da ya hango ruwa ya faɗa ciki?"

"Ban faɗa ba. Sauka na yi."

"Da takalmi? Da tabarau? Da rabin biskit a baki?"

"Kifi na gani, na ce bari in duba girmansa da kyau kafin in ɓata ƙugiyata."

Mista Haskew ya matso yana murza hannu, da murmushin dillalin da ya hango ciniki. Ya fara bayanin cewa kowanne da amfaninsa, mai tokan ma akwai allon da ke nuna kifi a ƙarƙashin ruwa.

"Talabijin?" in ji Memaw. "Cleve, na san ka tun kana satar kankanar mijina. In talabijin nake so na zauna a gida. Je ka ka sha shayinka, in mun gama dambe ma kira ka."

Mista Haskew ya koma rumfarsa da saurinsa. Hoyt ya bi shi da kallo yana jin hassada.

Awa guda suka yi suna zagaye jiragen nan biyu. Ta ce mai tokan in iska ta taso zai yi ta yawo kamar kwanon da aka jefa a ruwa, ya ce jan in ya daki kututture ɗaya sai kuka. Ta ce kifi na jin ƙarar alminiyom tun daga wata jiha, ya ce kifin da ya jure muryarta shekara arba'in babu ƙarar da za ta kore shi. Ta ciro ƙullin dafaffiyar gyaɗa daga jaka tana ci, ko tayi babu, ɓawon kuma a aljihun rigarsa take zubawa. Haƙurin Hoyt ya kai maƙura.

"Memaw, don Allah ki saurare ni. Rigakafi ya fi magani. Mama ta ce..."

"Uwarka ni na haife ta. Tun tana zanen goyo take tsoron ruwan wanka."

"Ta riga ta gyara miki ɗaki. Har labule ta saya, mai furanni."

"Ta sa ubanka a ciki, ya fi ni buƙata."

"Ɗakin yana kallon wurin ajiye motoci."

Ta jefa gyaɗa a baki. "Ƙafata lafiyarta lau. Na fi ka tsayuwa, ƙaton banza, kai da ko wando za ka sa sai ka jingina da bango."

"To sai an gwada akan san na ƙwarai. Hau goshin jan nan, ki ɗora ƙafa kan feda kamar kina kan ruwa. Zan ƙirga ashirin. In kin kai ba ki dafa komai ba, da hannuna zan ja shi zuwa gida, in je in tari faɗan Mama."

"Ashirin? Ka iya ƙirga har can?"

"Hau dai."

Ta miƙa masa jakarta da gyaɗar, ta taka ƙarfen tayar tirela ta hau, tana ture hannun da ya miƙo. Ta tsaya a goshi, ta gyara hularta, ta ɗaga ƙafar dama ta ɗora a feda. Jirgin yana kan ƙasa, ko motsi ba ya yi. Hoyt ya ajiye kayan ya matso dab da ita.

"Ɗaya. Biyu."

"Sauri kake ko addu'a?"

"Uku. Huɗu."

Gwiwar hagun ta fara rawa. Ya gani, ita ma ta san ya gani.

"Biyar. Shi..."

Ta tafi gefe gaba ɗaya, hannunta ya kai wa iska cafka ya samu kunnensa, shi kuma ya rungume ƙugunta. Suka tsaya a haka. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Ya ci gardamar, amma maimakon daɗi sai tausayi ya cika shi, har ya ji da ma bai kawo zancen ƙirgar ba.

"Ashe dai kunnuwan nan suna da amfani," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Saki, Memaw, da zafi."

"Dandamalin ne a karkace. Cleve ɗan damfara ne tun yana yaro."

"Haka ne. A karkace yake."

Ta sake shi, ta bi tsakiyar jirgin a hankali tana dafa kujeru har baya, ta zauna a kujerar can mai majingina da hannaye. Ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta ɗan bubbuga hannun kujerar.

"Nan kakanka Buford ya zauna shekara talatin," ta ce. "Bai taɓa ƙorafi ba. Ni kuma ban taɓa tambayar sa me ake gani daga nan ba. Ashe ƙeyar na goshi kawai ake kallo."

"Memaw, mai tokan yana da ƙarfen da za ki..."

"Rufe mini baki da zancen bahon nan. In na tsaya a goshi ina riƙe da ƙarfe kamar mai koyon tafiya, da wane hannun zan yi jifa? Gara in zauna da mutuncina. Jan za mu saya. Kai goshi, ni nan. Ka gaya wa uwarka ta mayar da labulenta kanti."

Hoyt ya juya ya dubi goshin jirgin. Tun yana ɗan shekara bakwai yake zaune a bayanta, ko sau ɗaya ba ta bar shi ya taɓa fedar ba.

"Ai ban san wuraren da kifi ke taruwa ba," ya ce. "Ke kaɗai kika san su."

"Miƙo jakata."

Kowace shekara in an gama Kirsimeti, Memaw na bin unguwa tana kwashe itatuwan adon bikin da aka yar, ta ɗaure su da bulo, ta nutsar a tafki inda babu mai gani, don kifi ya samu mafaka ya taru. Mutane sun bi ta da tabarau mai hangen nesa, an yi mata tayin kuɗi, Fasto ma ya taɓa tambaya cikin dabara, duk a banza. Yanzu ta zuge aljihun cikin jakar ta ciro wata takarda da ta yi laushi don ninki, duk tabon kofi. Zanen tafkin ne da biro, da alamomi goma sha tara, kowacce da ɗan rubutu: hasumiyar coci daidai da busasshen itace, taku arba'in daga tsohuwar gada.

"Ungo. In ka nuna wa ɗan gidan Tidwell, sai na dawo daga lahira na murɗe ɗayan kunnen."

Ya karɓa da hannu biyu. Ita kuwa ta cire tabarau tana goge ido da bakin riga.

"Ƙyalƙyalin banzan nan ne ya shiga mini ido. Kar ka tsaya kana kallona kamar maraƙi. Kuma ka sani, uku daga ciki ƙarya ne, don ɓarayi na sa su. Babu komai a wurin sai laka."

"Waɗanne ukun?"

"Kai ne na goshi, ka nemo."

"Haba, Memaw!"

"Kakanka duk ranar da ya saci jiki ya fita ba ni, ɗaya daga ukun nan yake zuwa. Shekara goma sha biyu yana jifa a laka, yana dawowa yana ce mini yau kifi ba ya ci."

Dariya ta ƙwace wa Hoyt har ya jingina da jirgin, ita ma ta bushe da tata tana tari. Ta ƙwala wa Mista Haskew kira ya kawo takardu, sannan ta miƙo hannu don a sauko da ita. Wannan karon ba ta ture nasa ba, kuma ba ta sake shi ba har suka isa rumfar.