Alhaji Libasse da Tsuntsayen Sarpan

Rokhaya ta fara jin sunan Libasse Thiaw ne a bakin kakarta, ranar da ya auri goggonta. Tsohuwar ta ce, "An kawo mana mutumin da ke ganin duniya da ido ɗaya, ɗayan a runtse." Tun daga ranar unguwar Soumbédioune da ke bakin teku ta san ta yi babban rabo. Masunta suka laƙaba masa Idon Teku, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce, har ya sa aka buga a jikin jakarsa.

Allah ya ba shi kyamara, ya kuma ba shi baki. Da aka gina sabon zauren masunta, ya miƙe a gaban dattawa ya ce, "Zan kawo muku dutsen Sarpan da tsuntsayensa dubu, hoto guda, daga wannan bango zuwa wancan. Jikokinku za su yi mini addu'a."

Da yake Rokhaya ce mai ajiye hotunan dangi, ita ya zaɓa ta riƙe masa kyamara. Mahaifinta, Baye Mbengue, ya ɗauke su a kwalekwale. Kowane masunci ya san ba a zuwa dutsen nan na tsakiyar teku da hayaniya: tun daga nesa ake kashe inji, a ja filafili, a yi shiru. Alhaji Libasse kuwa ya zo cikin farar babbar riga da ta sha sitati, tana ƙara kamar tutar makaranta.

"Suruki, da ka cire rigar nan," in ji Baye. "Za ka kore tsuntsayen."

"Kai dai ka san kifi. Tsuntsu ya san manya."

Suna tafe a hankali, dutsen ya bayyana baƙi ƙirin da tsuntsaye, kowace kafa da sheƙa. Rokhaya ta ɗaga tsohuwar wayarta ta ɗauki hotonsu.

Dogon hoto yana da ƙa'ida: a kafa kyamara, a juya ta sannu daga hagu zuwa dama, ana ɗauka guntu-guntu, daga baya a haɗe. Alhaji ya san wannan. Sai dai ya ga bai kamata tarihi ya fito babu mai tarihin ba. Ya tsaya a hagu ya dafa ƙirji. Da kyamara ta wuce shi, ya zagaya da gudu ya tsaya a tsakiya, ya sake tattara riga ya ruga dama, yana ihu, "Juya, ƴata, juya!"

Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, suka bar masa tukwici a kafaɗa.

Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba. Da aka haɗa hoton, ga dutse fayau, ga Alhaji har uku, ga tsuntsu guda, shi ma wutsiyarsa ce kawai ta shiga. Saura kwana biyu a buɗe zaure, dattawa sun riga sun share bango.

Washegari da safe ya sami Rokhaya tana tsince shinkafa. Ya yi gyaran murya, ya duba hagu da dama, ya rage sauti.

"Ƴata, hoton nan na wayarki. Ara wa kawunki tsuntsu ko ɗari biyu ne in liƙa. Amma don Allah ki zaɓo waɗanda ba za su tare ni ba."