Daddawar Shanu

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci na je bitar kiwo a Dutse, na dawo Aujara ina jin kaina malamin gona. An koya mana binne ciyawa a rami don rani, amma sai ta yi yaushi tukuna. Ni ina na ga lokaci? Ɗanya sharaf na danna ta, na rufe.

Baffana ya ce, "Ɗana, ko kuka sai an shanya."

Na ce, "Baffa, wannan ilimi ne."

Da rani na tara maƙwabta na buɗe. Wari ya watsa taron. Bijimina ya shinshina, ya juya ya kama cin dangar Baffa.

Har yau in na gifta majalisa sai na ji, "Malam, daddawar shanu ta nuna?"