Ranar da Na Riga Rago Faɗuwa

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallata ta farko bayan aure ba. Ko na so mantawa, dangin matata ba za su bari ba.

Surukina dattijo ne a Gagarawa, hannunsa ya soma rawa, 'ya'yansa maza kuma ba sa gari. Sai ya aiko mini har Gumel cewa ni zan yanka masa ragon layya. Girma ne ya ba ni, ni kuma na ƙudura sai gidan nan sun san ba lusari 'yarsu ta aura ba. (Ko kaza ban taɓa yankawa ba, amma ai ba wanda ya tambaye ni.)

Na tafi kasuwar Maigatari na sayo wuƙa da dutsen washi mai fuska biyu, ɗaya kaushi, ɗaya laushi. Na yi ta kallon bidiyo a waya har na fara jin kaina Sarkin Pawa.

Da aka sauko daga idi, na tarar da Hadiza, ƙanwar matata, tana goga tsohuwar wuƙarsu a bakin rijiya.

Na ce, "Hadiza, wuƙa kike wasawa ko rijiyar kike sassaƙa? Zo ki ga aikin ilimi."

Na koma bayan rumbu, tunda ba a wasa wuƙa a gaban dabba. Na jiƙa dutse, na kwantar da wuƙa, ina ja ina lacca: kaushi tukuna, sannan laushi, kada a tsayar da baki. Jama'ar gida suka kewaye ni, kaina ya ƙara girma. Don in rufe taro da armashi, sai na naɗe hannun riga na ce, "Mahauta da gashin hannu suke gwada kaifi."

Gashin ya tafi. Fata ma ta ɗan raka shi. Yankan bai fi ƙwayar shinkafa ba, wallahi, amma ina ganin jinina duniya ta juya.

Na farfaɗo shaddata sharkaf da ruwan randa. Surukata, wadda tun ɗaurin aure ban yarda mun haɗa ido ba, tana tsaye a kaina tana yi mini fifita da faifai. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Surukina ya ce, "Sannu, Malam. Wuƙa kam ta yi kaifi, duk mun shaida." Sannan ya sa aka kira maƙwabci ya yanka ragon da ita.

Da aka soya nama, Hadiza ta durƙusa da ladabi kamar gaske. "Yaya, ga hanta. An soya ta sosai, babu jini, kada ka ji tsoro."

Har yau gwani ne ni a washi, wannan ba na ja da baya. Sai dai yanzu a kan albasa nake gwada kaifi. Albasa iyakarta ta sa ka hawaye, ba ta kayar da kai a gaban surukai.