Ranar da Na Je Gaida Suruki da Jiniya

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je gaida mahaifin Hauwa ba.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru kafin mulkin kai. Ina saurayi a gidanmu na Yakasai, ban daɗe da samun aikin kwana-kwana ba. Motar kashe gobara tana can ofis, mu kuwa in ba ranar aikinmu ba ce muna gida, sai wuta ta yi ƙarfi a aiko mu garzaya. Abin hawana wani baƙin keke ne na hannu. Duk wanda ya san lungunan cikin birni ya san ƙararrawar keke ba ta da daraja a wurin jaki. Ka yi ta kaɗawa, jaki na tafe da mangalarsa, mai shi ma ko waiwaye ba zai yi ba. Wannan shi ne dalilin da nake ba mutane na neman jiniya. Dalilin gaskiya kuwa, so nake a san ni.

A wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa na bayan Kurmi na same ta, 'yar ƙarama, wai daga jikin babur ɗin soja aka ciro ta. Na kai wa Malam Tanko mai gyaran keke a Jakara. Ya ɗaura ta a gefen tayar gaba, ya jawo waya zuwa hannun keke. In ka ja wayar, kan jiniyar ya taɓa taya, sai ta ɗauki kuka. In ka saki, sifirin ya mai da ita. Na sa ya shafa wa gilashin fitilata jan fenti, don kada aikin ya tsaya rabi. Da zan tafi ya gargaɗe ni cewa sifirin ɗin ya gaji, kada in ja wayar sai ya samo sabo. Na ce to (gaskiya ban ji sosai ba, hankalina na kan jar fitila).

A kwanakin ne maganar aurena ta taso. Hauwa 'yar Dukawuya ce, mun daidaita da ita, saura mahaifinta, Malam Buba. Bafillace ne mai cinikin shanu, irin dattawan nan da ko tari za su yi sai sun sassauta. Ya gaya wa Baffana, ƙanin mahaifina, cewa ya ji 'yan kwana-kwana ba su da natsuwa, don haka ba zai karɓi komai ba sai ya ga yaron da idonsa. Baffa ya zaunar da ni ya karanta mini: in sauka daga keke tun daga nesa, in cire takalmi a ƙofar zaure, kada in ɗaga ido, kada a ji muryata sai an tambaye ni. Ya ce in na ɓata wannan zuwan, kada in sake kawo masa maganar Hauwa. Ni kuwa ina son yarinyar nan, so na gaske.

Bayan la'asar na zuba farar riga 'yar ciki da babbar riga, na hau keke. Har na wuce Jakara lafiya lau. Da na doshi unguwarsu sai Shaiɗan ya raɗa mini cewa ai Hauwa ba ta taɓa jin jiniyar nan ba. Ɗan taɓawa kaɗan, ta ji daga cikin gida ta san gwaninta ya iso. Na ja waya. Na saki. Jiniya ta ƙi saki.

Kowa na ba labarin nan sai ya tambaye ni me ya hana in tsaya. To, na waiwaya ne. Mutane sun riga sun fara ɓullowa daga lunguna, wani da bokiti, wani da tulu, 'yan ga-ruwa da garewaninsu suna tangaɗi, duk sun san ni, duk sun biyo ni. A birni in an ce gobara ba a tambayar ta wa ce, gudu ake yi. Kunya ta hana in tsaya in ce musu zance zan je. Sai na yanke shawarar in tsere musu. Na manta cewa iyakar gudun taya, iyakar ƙarar jiniya. Ina taka feda, tana ƙara tsala ihu, ga jar fitila na haskawa rana ba ta ko faɗi ba, ga babbar riga ta cika da iska.

Na taka birki a ƙofar gidan Malam Buba. Ina ɗaga kai sai na ga hayaƙi na tashi daga tsakar gida, tuƙuƙi guda. Daga baya na ji abincina ake dafawa, mahaifiyar Hauwa ta sa an yanka kaji har da dambu saboda baƙo. Jama'a kuwa ba su tsaya bincike ba. Ga ɗan kwana-kwana ya tsaya, ga hayaƙi. Sai cikin gida.

Ina cewa ku dakata, wa zai ji ni? Gidan da namiji baƙo bai taɓa wuce zaurensa ba, sai ga ƙarti har gindin murhu. Suka juye wa tukwane ruwa. Wasu suka haye soro suka yi ta jefo harawar da Malam Buba ya tara wa shanunsa, don ita ce ke fara kamawa, awakin unguwa suka ce gaba ta kai mu. Shi kuwa dattijon yana zaune a zaure kan buzunsa yana jirana, sai wasu 'yan dako biyu suka sunkuce shi da buzun gaba ɗaya suka dire a waje. A hanya ya sha rabin garwa.

Can ƙura ta lafa, aka rasa wuta. Kowa ya tsaya da bokitinsa a hannu. Wani yaro na juya tayar kekena da na yar a ƙasa, jiniya na ta ɗan gurnaninta kamar maraƙin da ya ɓata. Na durƙusa cikin taɓo, takalmina a ƙafa, na rasa inda zan sa fuskata. Malam Buba ya matse gemunsa a hankali, ya dube ni.

"Kai ne yaron?"

"Ni ne, Baba."

"Ina wutar?"

"Babu, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To madalla. Ka iya aiki."

Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Na tura keke gida da tayar gaba a sama. Baffa ya daina amsa gaisuwata, Hauwa ta daina aiko ko da saƙon fatar baki, a wurin aiki kuma shugabanmu ya wanke ni tas ya ƙwace jiniyar. Malam Tanko ne kawai ya tausaya mini, shi ma sai da ya gama dariya. Na tabbata na rasa yarinyar nan, abinci ma ya daina shiga.

Abin da na iya yi shi ne, kullum na tashi aiki sai in tafi Dukawuya a ƙasa, in tattara abin da awaki suka rage na harawa, in shanya, in ɗaure, in mayar saman soro. Malam Buba na zaure yana jan carbi, ko kallo ban ishe shi ba.

Sai da na gama tsaf ya aika aka kira Baffa. Abin da ya ce masa ke nan: "Yaron da ya shelanta wa Kano duka cewa yana neman 'yata, wa zai yarda ya zo bayansa? Na ba shi. Amma in zai zo gidan nan, ya zo da ƙafarsa."

Haka aka yi auren. Yau ga jikoki, kuma a Dukawuya har yanzu tsofaffi ba su san sunana na yanka ba, Mai Jiniya kawai suke cewa. Na so a san ni, an kuwa san ni. Tun daga ranar na gane cewa kada mutum ya tayar da ƙarar da bai san yadda ake kashe ta ba. Surukata kuwa, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya, da zarar ta ji sallamata a zaure sai in jiyo muryarta daga ciki tana cewa a rufe tukwane.