Ranar da Na Duba Gizo-gizon Yaya Nura

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na fara cin abinci a gidan su Hajara ba, ko da na so mantawa ba za a bar ni ba.

Lokacin ina shekarar farko a karatun likitan dabbobi a Alƙahira, amma a unguwarmu ta Faisal kowa “ya duktur”, wato likita, yake ce min, ni kuma ina amsawa. Mahaifin Hajara ma'aikacin ofishin jakadanci ne, ya ce yana son ganin wanda ke neman 'yarsa. Na goge shaddata, na shiga maikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, ina tattare riga kada ta yamutse.

An ci tuwo lafiya. Sai Yaya Nura, wan Hajara, ya shigo da akwatin gilashi. A ciki na ƙirga 'ya'yan gizo-gizo huɗu, irin masu gashin nan da ake kira tarantula. Wai kiwonsu yake yi. (Mutum na da kuɗin sayen zomo, amma ya zaɓi wannan.)

“Alhamdulillahi, ga likita,” in ji shi. “Tare suke tun suna ƙanana, na kasa gane mazan da matan. Yalla, duba mana.”

Ni da ko tautau na gani a bango sai na canja ɗaki! Kuma a makaranta ko kan akuya ba mu kai ba. Amma Baba, mahaifin Hajara, ya gyara tabarau yana kallona, Hajara na murmushi daga bakin ƙofa. Sai na ji bakina ya ce, “Ai abu ne mai sauƙi.”

Na leƙa. Uku suna motsi, ɗaya yana kwance a lungu shiru. Shi na zaɓa. Na sa hannu da bismillah, na ɗauko, na ɗaga shi saitin taga.

“Wannan mace ce,” na ce. “Ku dubi natsuwarta. Namiji ba ya zama haka.” Har na ƙara da bayanin siffar ƙafafu, Allah Ya yafe min.

Yaya Nura ya yi gyaran murya. “Ma'alish, yi haƙuri duktur, wannan ba gizon ba ne. Fatar da ɗaya ya saɓe ce jiya. An ce cikinta ake dubawa a gane mace ko namiji, shi ya sa na ɗauka buɗe ta za ka yi. Matsalata ban san ta wane ce ba.”

Sai na ji wani abu yana tafiya a hankali cikin hannun rigata. Ashe ɗaya daga cikin masu ran ya biyo ni.

“Wayyo Inna!”

Ban san lokacin da na hau kujera ba. Na tuɓe rigar na yi jifa da ita, na tsaya daga ni sai singileti a falon surukina. Yaya Nura kuwa rigar ya bi da gudu yana cewa, “A hankali, kada ka ji masa ciwo!” Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, “Sauko, ɗana. Khalas, ya isa, mun ga jarumta.”

An dai ba ni Hajara. Gizon da ya hau ni daga baya aka gane mace ce, Yaya Nura ya raɗa mata suna Duktura.

Tun daga nan na koyi cewa idan za a tambaye ka abin da ba ka sani ba a gidan surukai, ka ce ba ka sani ba. Idan kuma bakinka ya ƙi, to ka tabbata singiletinka ba ta da huji. Tawa tana da biyu.