Ɗaurin Jirgi Irin Na Yawuri

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, 'yan uwanmu na unguwar Sri Petaling ba za su bar ni ba. Wata Asabar ce a shekara ta biyu ta korona, ranar da saura ƙiris in hana Dakta Sanusi komawa gida.

Lokacin ina karatun digiri na uku a ƙasar waje, a wata jami'a da ke Bukit Jalil, muna haya gida ɗaya ni da shi. Bakano ne, ya girme ni da shekara shida, mutum mai sanyi wanda ko shayi ya zube masa a cinya ba ya ɗaga murya. Ya baro matarsa da ciki wata bakwai da niyyar komawa hutu kafin ta haihu, sai aka rufe iyakoki. Aka haifi Hafsa, ta yi zama, ta yi rarrafe, ta fara tafiya, duk a waya yake kallo. Da ya kammala karatu, da kyar ya samu kujera a jirgin ranar Litinin, don jirage sun yi ƙaranci, wanda ya rasa nasa sai ya jira kusan mako uku. Kuma ba a barin ka shiga sai da takardar gwajin korona wadda ba ta wuce kwana uku ba. Wani ƙaramin asibiti a unguwarmu ya ba shi ƙarfe huɗu na yammacin Asabar. Ƙarfe biyar suke rufewa, Lahadi ba sa aiki, sakamako kuma sai Litinin da safe.

To, ni kuma ga matsalata. Kakana na wajen uwa masunci ne a Yawuri, wannan gaskiya ne. Abin da ban cika faɗa ba shi ne a Kaduna aka haife ni, can na girma, kuma sau huɗu kacal na taɓa zuwa hutu wajensa. Aikina a kwale-kwale shi ne kwarfe ruwa da ƙwarya. Amma a watannin kulle, da muke zaune babu fita sai sayen abinci, labarin ya riƙa ƙiba a bakina. Kifin da kakana ya kama ya zama mu muka kama, daga baya ma ya zama ni. Har 'yan zaurenmu na waya suka laƙaba mini Sarkin Ruwa (ban taɓa cewa su daina ba, Allah ya yafe mini).

Da aka sassauta doka, sai na ga tallan wani dattijo a bakin tekun Klang da ke ɗaukar mutane a ƙaramin jirginsa mai inji, ya kai su kamun kifi a lungunan da ruwa ba shi da zurfi. Na ce wannan ita ce walimar sallamar da zan yi wa Dakta.

"Sarkin Ruwa, ranar ce fa zan yi gwaji," in ji shi.

"Haba Dakta, ƙarfe ɗaya da rabi mun dawo gaɓa, tafiyar awa ɗaya ce a mota. Shekara huɗu kana ƙasar nan, daga laburare sai shagon shayi da abinci na mamak. Me za ka gaya wa Hafsa ka gani?"

Da sunan Hafsa na kama shi. Sai ya ce to.

Shadda na saka, ruwan toka, riga da wando mai faɗi, har da hula. Kada ka tambaye ni dalili, hoto nake so.

Mai jirgin, Pakcik Daud (Pakcik kamar mu ce kawu ne), siriri ne, rana ta ƙona shi, takunkuminsa a haɓa. Ya auna zafin jikinmu, ya dubi shaddata daga sama har ƙasa, ya ce, "Boleh," wato ba komai. Muka shiga tsakanin wasu itatuwa masu tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu duk a waje. Can sai ya kashe inji ya koma tura jirgin da gora a hankali, don kifi yana jin motsi. Ruwan bai wuce ƙugu ba, wani wurin ma gwiwa. Shi ke maƙala mana jatan lande mai rai a ƙugiya, ya nuna gindin saiwa da yatsa, ya ce a jefa nan, kada a wuce.

Dakta Sanusi, wanda bai taɓa riƙe fatsa ba, shi ya fara kamawa. Kifi ne fari tas mai doro, suna ce masa siakap. Ina ganinsa na ce ai wannan ɗan'uwan giwan ruwa ne, kuma wallahi sun yi kama. Na nuna wa Dakta yadda ake riƙe shi kada ƙayar kuncinsa ta yanke shi. Pakcik Daud ya gyaɗa kai ya ce, "Ka san kifi." Wannan kalma ita ta ƙarasa ni. Ni kaina saiwa na kama sau biyu, sai wani ɗan kifi da aka mayar saboda ƙanƙanta, amma ban ji komai ba, tunda masani ya shaide ni.

Wajen sha biyu saura ya kai mu wata bukka da aka kafa a kan turaku, ta yayarsa Makcik Som (Makcik kuma kamar inna ce), don a gasa mana kifin mu yi azahar kafin mu juya. Akwai doguwar gadar katako daga bukkar zuwa can cikin ruwa. A ƙarshen gadar ya sauke mu, ya jefa anga, ƙarfen nan mai riƙe jirgi a ruwa, ya bar jirgin yana lilo da igiya sako-sako, rana tana dukansa.

Abin ya tsaya mini a rai. A Yawuri, malalaci ne kawai ke barin jirgi haka. Kakana jawo nasa yake yi har hancin ya hau gaɓa, ya ɗaure shi tamau a inuwa, kuma ya taɓa dungure mini kai saboda na bar igiya da sauƙi. Na ce a zuciyata tsufa ne ya kama bawan Allah, bari in taimaka masa ba tare da na kunyata shi ba. Da suka shige ciki, na koma na ciro angar, na bi gadar ina jan jirgin har gindin bukka, na tura hancinsa kan gaɓa, na yi masa ɗaurin kakana. Na ja da baya na kalli aikina. Har hoto na ɗauka.

Na san wani zai ce, mai digiri na uku bai san teku yana cikowa yana janyewa ba? Na sani, tun firamare, har na ci tambayar a jarrabawa. Amma a jikina, ruwa da damina yake zuwa, da rani yake tafiya. Kogi ba ya tashi ya bar ka kana cin abincin rana.

Muka ci gasasshen kifi da shinkafa da wani yaji mai ɗan karen daɗi, muka ɗan kishingiɗa, iska na kaɗawa. Ƙarfe ɗaya Pakcik Daud ya miƙe ya ce mu yi haramar tafiya, ruwa yana sauka. Ya leƙa ƙarshen gada, bai ga jirgi ba. Ya leƙa ƙasan bukka, sai ya tsaya cak.

Jirgin yana zaune a kan taɓo, ya ɗan kwanta gefe guda. Ruwa ya yi nisa, sai a ƙarshen gada ake ganinsa, daidai inda ya bar jirgin tun farko. Ƙananan ƙaguwa har sun fara yawo a kusa da injin. Ɗaurina kuwa yana nan daram.

"Wa ya taɓa mini jirgi?" ya tambaya, ba da faɗa ba.

Makcik Som ta fito, 'ya'yanta mata biyu suka fito, kowa ya tsaya. Na ɗaga hannu kamar ɗan aji uku. Na fara bayanin yadda muke yi a garinmu, sai na ji bayanin yana mutuwa a bakina. Dakta ya tambayi yaushe ruwan zai dawo.

"Bayan magariba," in ji Pakcik Daud.

Dakta ya sa hannu a aljihu. Ya ciro wayarsa ya duba lokaci, kuma hoton Hafsa ne a fuskar wayar. Ya daɗe yana kallo kafin ya mayar aljihu. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

A nan ya kamata in zauna in yi shiru. Pakcik Daud har ya fara kiran surukinsa ya kawo wani jirgi ƙarshen gada kafin nan ma ya ƙafe. Amma kunya ta hana ni zama. Na ce, "Ai turawa za mu yi," na dira daga matakala kafin wani ya riƙe ni.

Taɓon ya karɓe ni har cinya. Na yi yunƙurin ciro ƙafar dama, ta hagu ta ƙara nutsewa. Cikin minti biyu na kai ƙugu, hulata ta faɗi, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika mini takunkumi. Pakcik Daud ya ajiye waya (kira bai ma shiga ba tukuna), aka shimfiɗa katakai, aka zura mini igiya a hammata. Shi da Dakta da matan nan uku suka yi ta ja, suna hutawa, suna sake ja. Fiye da rabin awa aka yi ana abu ɗaya. Can na ji na zame na fito, sai kuma na ji iska inda bai kamata ba.

Taɓo ya riƙe wandon. Mazagin ya tsinke, ya tafi da takalma, da mukullin motata da ke aljihu. Na kwanta rub da ciki a kan katako, daga ni sai gajeren wando da rigar shadda da ta naɗe har ƙirji. 'Yan matan suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Makcik Som ta shiga ciki ta ɗauko zani mai furanni ta miƙo mini tana kallon sama.

Kafin a gama da ni a samu surukin a waya, kafin kuma ya iso, ƙarfe uku saura kwata ta yi, ruwa ya bar ƙarshen gadar ma. Jirginsa ya tsaya can nesa, tsakaninmu da shi taɓo ne zalla, tafiyar da ta kai tsawon filin ƙwallo biyu.

Makcik Som ce ta cece mu. Tana da wani faffaɗan katako mai santsi da take hawa idan za ta tono katantanwar teku: ka durƙusa a kai da gwiwa ɗaya, ka riƙa tura taɓo da ɗaya ƙafar, yana sulalawa da kai. Ta nuna wa Dakta sau biyu. Mutumin nan mai tumbi da tabarau, wanda ko keke ba ya hawa, ya ɗaure wayarsa da fasfo a leda, ya rataya a wuya, ya yi bisimilla ya hau. Pakcik Daud ya bi shi a wani katakon. Sau uku yana kifewa, sau uku yana tashi, bai waiwayo ba. Ni ina tsaye a kan gada da zani, ina kallon abin da na jawo masa, kuma ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba.

Daga baya ya ba ni labarin sauran. A gaɓa aka wanke shi da tiyo, ya kira motar haya ta waya, direban ya shimfiɗa masa jaridu a kujera. Biyar saura minti goma ya shiga asibitin, da taɓo a kunne. Ma'aikaciyar ta dube shi, ta zura masa tsinken auduga a hanci, ba ta tambayi komai ba.

Ni kuwa sai da ruwa ya dawo. Na zauna na ga yadda yake shigowa a hankali, ya lulluɓe ramin da wandona yake, ya ɗaga jirgin. Pakcik Daud, da ya dawo a katakonsa tun da la'asar, ya yi ta fama da ɗaurina har ya gaji ya sa wuƙa. "Ɗaurin yana da kyau," ya ce. "Wurin ne ba nasa ba." Motata ta kwana a Klang. A jirgin ƙasa na koma, rigar shadda a sama, zani mai furanni a ƙasa, silifas ɗin Makcik Som a ƙafa. Duk tsawon annobar, ranar ce kaɗai na gode wa wanda ya ƙirƙiro takunkumi.

Na tarar da Dakta yana haɗa kaya. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Ka ce in samu abin da zan gaya wa Hafsa. To, na samu."

Sakamako ya fito lafiya lau, ya tafi ranar Litinin. Bayan kwana goma, da ya gama killace kansa, ya kira ni ta bidiyo, yarinyar tana kan cinyarsa tana ja masa tabarau. Ya nuna ni ya ce, "Gai da Kawu." Ta leƙo ta ce wani abu da ban gane ba. Ya fassara mini da fuskarsa a ɗaure: wai Kawu mai zani. Ita ce kalma ta farko da ya koya mata da bakinsa, kuma har yau da ta shiga makaranta haka take kirana. Sarkin Ruwa kuwa tun a makon aka sauke ni a zaure, ban ɗaukaka ƙara ba.

Yanzu idan na je garin mutane na ga sun ajiye abinsu ta yadda ban gane ba, tambaya nake yi. In ba zan iya tambaya ba, sai in zuba hannuwana a aljihu in yi shiru, ina gode wa Allah da aljihun yana jikina.